Manhajar atisayen ido za ta gyara wa yarana bugun fenareti?

Tambayar daga wani koci ce mai horar da matasa 'yan ƙasa da shekara 17. Ya ce: "Assalamu alaikum Likita. Na ga tallan wata manhaja ta waya, wai idan yaro yana bin ɗigo da ido minti 10 kullum idonsa zai ƙara sauri, zai ƙware a bugun fenareti da tsaron gida, har karatunsa ma zai gyaru. Mu kuwa sau biyu ke nan ana fitar da mu daga gasa a fenareti. In haɗa kuɗi in saya musu?"

Wa alaikumus salam, Koci. Kada ka saya. Kuɗin nan ka ƙaro ƙwallaye da su, ko ka ɗinke raga. Sai dai masu tallan ba daga sama suka tsinko maganar ba. Akwai gaskiya a binciken ƙwaƙwalwa game da dangantakar ido da ƙafa da hankali, su ne dai suka ɗauko ta suka saka ta baibai. Idan ka ga yadda abin yake, kai da kanka za ka san abin da ya kamata ka yi a fili, kuma ba sisi za ka kashe ba.

Fara da madubi. Tsaya gabansa ka kalli idonka na dama, sannan na hagu, ka yi ta komawa. Ba za ka taɓa kama idonka yana tafiya ba. Kira wani ya tsaya ya dube ka, zai ce ai ga shi nan yana ta kai da komo. Yanzu miƙa hannunka iya tsawonsa ka dubi farcen babban yatsanka. Faɗin farcen nan, digiri 1 zuwa 2 na fagen ganinka, kusan shi ne iyakar inda kake gani tar a lokaci guda. Wani ɗan gurbi ne a tsakiyar shimfiɗar bayan ido, inda ƙwayoyin karɓar haske suka fi cunkushewa. Duk abin da ke wajensa dishi-dishi ne, ko da yake kai ba ka jin haka. Dole ce ta sa ido yake ta tsalle sau 3 zuwa 4 a kowane sakan, sama da sau 100,000 a yini, yana kai wannan ɗan gurbi kan abin da ake bukata. A lokacin tsallen ƙwaƙwalwa takan danne ganin, shi ya sa madubi bai nuna maka komai ba.

A ƙarshen shekarun 1870, a ɗakin binciken wani likitan ido Bafaranshe, Louis Émile Javal, a birnin Paris, aka bayyana cewa idon mai karatu tsalle-tsalle yake yi a kan layi, ba sulalewa ba. Kalmar Faransanci da suka yi amfani da ita, wadda ta zama sunan motsin a duk duniya, sakad, asalinta fizgar linzamin doki ce. Duk wanda ya taɓa ganin mahayi ya ja zage a gaban sarki ranar hawa ya san irin motsin: gudu, sai tsayawa cak. Ni dai fizga zan riƙa ce masa.

To, ga inda tallan ya fara karkacewa. Gudun fizgar ido ba a hannunka yake ba. Girman tsallen ne ke yanke saurinsa: ƙaramin tsalle a hankali, babba da gudu har fiye da digiri 500 a sakan. Tsallen digiri 10 yakan ɗauki wajen milisakan 40, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Ƙwayoyin jijiya ne a kututturen ƙwaƙwalwa, can inda take haɗuwa da laka, suke sakin wutar da ke fizgar tsokoki 6 na kowane ido, kuma ba sa neman shawararka. Gwada ka yi tsallen a hankali da gangan, sai dai ka yanka shi ƙanana-ƙanana. Kwaɗayin lada kan ɗan ƙara masa kuzari kaɗan. Gajiya da rashin barci da giya da magungunan sa barci sukan rage shi. Amma tsokar ido ba damtse ba ce da za a ce a ɗaga ƙarfe ta ƙara ƙarfi. Yaron da ke wuni yana fizga ido sau dubu ɗari, minti 10 na bin ɗigo me zai ƙara masa?

Abin da ke cin lokaci yana gaban tsallen. Daga bayyanar abu zuwa tashin ido ana ɗaukar kusan milisakan 200, alhali gajeriyar hanyar jijiya daga ido zuwa tsoka ba ta bukatar ko rabin haka. Roger Carpenter na Jami'ar Cambridge ya kira wannan jinkiri jan ƙafa na ganganci: ƙwaƙwalwa tana riƙe ido har ta yanke shawarar ko abin ya cancanci kallo. Yadda take riƙewar ma an gano shi. A saman kututturen ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan tudu, kolikulas na sama, mai ɗauke da taswirar fagen gani, duk inda wuta ta kama a taswirar can ido zai nufa. A 1983 Okihide Hikosaka da Robert Wurtz, suna aiki da birai a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, suka nuna cewa wani sashe na curin jijiyoyin da ke can cikin ƙwaƙwalwa, basal gangiliya, kullum a take yake da birki a kan wannan tudu, sai dab da tsalle yake ɗaga ƙafa. Sashen goshi na ƙwaƙwalwa kuma yana cikin masu cewa a ɗaga ko kada a ɗaga. Irin wannan tsari na birki shi ke riƙe hannu da ƙafa ma. Mai cutar Parkinson, wanda tashi daga kujera ke yi wa wuya, idonsa ma idan zai kai shi wani wuri da niyya yakan makara, tsallen kuma ya gaza kaiwa.

Wannan ne ya sa masu binciken motsin jiki suka daɗe suna maƙale da ido. Hannu yana da gaɓoɓi da yawa, yau ya ɗauki cokali gobe buhu. Ido kuwa nauyinsa ɗaya ne kullum, tsokokinsa ƙidayayyu, kuma tun 1963 da David Robinson ya ƙirƙiro wani ɗan zobe na siririyar wayar ƙarfe da ake ɗorawa a kan ido a cikin filin maganaɗisu, ana iya auna motsinsa daidai wa daida. Da yawa daga abin da muka sani game da yadda ƙwaƙwalwa ke zaɓar motsi da gyara kuskure, a ido aka fara ganinsa. Misali, a 1967 wani mai bincike, McLaughlin, ya riƙa matsar da ɗigo a ɓoye a daidai lokacin da ido ke cikin tsalle. Mutum bai san an matsar ba, amma bayan an maimaita sau da yawa idonsa da kansa ya rage tsawon tsallen ya dace da sabon wurin. Ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, serebelum, ita ke wannan gyara, idan ta lalace gyaran ya tsaya. Ita ce kuma ke daidaita ƙafar yaronka idan ka canza masa ƙwallo daga mai nauyi zuwa sakayau.

Ga wani gwaji kuma. Rufe ido ɗaya, ka sa yatsa a gefen fatar ɗayan ka ɗan tura a hankali. Ɗakin gaba ɗaya zai girgiza. Amma idan kai ka juya idon da kanka, tsalle mai girma ma, duniya tsaye take. Hermann von Helmholtz, Bajamushe, tun ƙarni na 19 ya yi wannan lura. Bayanin shi ne duk umarnin da ƙwaƙwalwa ta aika wa tsoka, takan aika kwafinsa ga sashen gani, kamar yadda ake tura kwafin takarda ga ofishin da abin ya shafa: ga motsi nan tafe, namu ne, kada a tsorata. A 2002 Marc Sommer da Wurtz suka gano ɗaya daga cikin hanyoyin da kwafin ke bi a ƙwaƙwalwar biri, da suka kashe ta na ɗan lokaci sai tsalle na biyu ya riƙa karkacewa, domin birin bai gama lissafa na farko ba. Saboda irin wannan kwafi ne ba ka iya yi wa kanka cakulkuli. Abin riƙewa a nan, Koci, ƙwaƙwalwa ba ta jiran abu ya faru sannan ta amsa. Hasashe take yi, tana gaba da jiki.

Ina ido yake zuwa, kuma wa ke aika shi? Wani Barashe, Alfred Yarbus, ya amsa wannan a aikin da ya wallafa a 1965. Ya ba mutum hoton wani zane na mai zane Ilya Repin, inda wani mutum ya shigo ɗaki iyalinsa ba su yi tsammaninsa ba, ya riƙa auna idon mai kallo minti 3 a kowane karo. Da ya ce masa ƙiyasta shekarun mutanen, ido ya tare a fuskoki. Da ya ce ƙiyasta arzikin gidan, ido ya bazu kan tufafi da kayan ɗaki. Da ya ce tun yaushe baƙon ya bar gida, ido ya yi ta zarya tsakanin fuskar baƙon da na mutanen gida. Hoto ɗaya, ido ɗaya, tambaya ce kawai ta canza. Kakanninmu sun riga shi faɗa ba tare da na'ura ba: hankali ke gani, ido gululu ne.

Wanda ya fitar da wannan bincike daga ɗakin gwaji ya kai shi cikin rayuwa shi ne Michael Land na Jami'ar Sussex a Ingila. A 1999 shi da abokan aikinsa suka ɗaura wa mutane kyamara a ka suka ce su shiga kicin su haɗa shayi. Suka ga ido yana riga hannu isa kan kowane abu da kusan rabin sakan, yana kuma barin abin kafin hannu ya gama da shi, ya wuce na gaba. Kallon abin da bai shafi aikin ba kaɗan ne ƙwarai, hannun kansa kuwa kusan ba a kallonsa sam. Bayan na karanta wannan na taɓa zama a bencin mai shayin unguwarmu da dare ba don shayin ba, idonsa nake kallo. Yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannun dama can sama, idonsa yana kan bakin kofin ƙasa. Ruwan bai gama sauka ba idon ya riga ya koma kan gwangwanin madara. Hannu na zuba madara, ido yana kan wuƙa da burodi. A tsakani ya saci kallon kaskon ƙwai sau ɗaya, bai kai ƙiftawa biyu ba, ya dawo. Sabon yaron da yake koya wa aiki kuwa ya zuba wa hannunsa ido har sai ya ajiye kofi, sannan ya ɗago ya fara neman abin da zai ɗauka. Idon yaron lafiyarsa ƙalau, watakila ma ya fi na maigidansa gani. Abin da bai sani ba shi ne me ke biye.

Haka Land ya samu a tuƙi. A 1994 shi da David Lee suka nuna cewa direba yakan kai ido gefen ciki na kwana sakan 1 zuwa 2 kafin ya shige ta, sitiyari ya biyo baya. A 2000 kuma shi da Peter McLeod suka auna masu bugun kurket, wasan da ake jefo ƙwallo mutum ya doke ta da sanda. Ashe ba wanda ke bin ƙwallo da ido daga farko har ƙarshe, gudunta ya fi ƙarfin haka. Sukan kalle ta tana fitowa, sai su fizga ido zuwa inda za ta dira a ƙasa, su jira ta a can. Wanda ya fi ƙwarewa a cikinsu shi ya fi saurin tashi zuwa wurin, domin daga ɗan abin da ya gani a farko ya riga ya san inda za ta sauka.

Mu zo kan fenaretinka. Tazarar mita 11 ce, ragar faɗinta mita 7.32, ƙwallon da aka buga da ƙarfi ba ta cika rabin sakan a hanya. Golan da ya jira ya ga inda ta nufa, ya cire milisakan 200 na shawara, ragowar ba ta isa ya kai jikinsa kusurwa. Dole ya karanci mai bugu. Geert Savelsbergh da abokansa a Amsterdam sun auna idon masu tsaron gida a 2002 da 2005. Ƙwararru kallonsu kaɗan ne amma kowanne mai tsawo, ba sa warwatsa ido, kuma waɗanda suka fi tarewa sun fi kallon ƙafar da mai bugu ke kafawa a gefen ƙwallo, domin sau da yawa inda ta fuskanta can ƙwallon za ta. Sababbi kuwa ƙirji da hannuwa suke kallo, inda yaudara take. A bidiyo aka yi waɗannan gwaje-gwaje, kuma da wasu suka maimaita a fili a 2010 sun ga golan da zai yi tsalle da gaske ya fi kallon ƙwallo fiye da mai kallon allo. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi shakkar duk wani horo da ake yi a fuskar waya.

Ɓangaren mai bugu ya fi daɗin bayani. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta lura a 1996 cewa gwanayen jefa ƙwallon kwando sukan kafe ido a kan kwandon kusan sakan guda kafin su fara jifa, na ƙasa da su kuwa ba sa kai rabin sakan. Ta sa wa wannan kallo na ƙarshe suna, a Hausa sai mu ce natsattsen ido. An same shi daga baya a harbin bindiga, a wasan golf, har a hannun likitocin tiyata. A cikin wannan ɗan lokaci ne ƙwaƙwalwa ke tsara ƙarfi da saitin motsin, kuma idon da ya tsaya wuri ɗaya yana hana hankali tsinkewa.

A 2009 Mark Wilson da Greg Wood da Samuel Vine na Jami'ar Exeter suka sa 'yan wasa 14 buga fenareti sau biyu, sau ɗaya hankali kwance, sau ɗaya an tsorata su da gasa da kyautar kuɗi. Da tsoro ya shiga, idonsu ya riƙa saurin zuwa kan gola yana daɗewa a kansa, ƙwallayen kuma suka matso tsakiyar raga, inda hannun gola ke kaiwa. Ka tuna mai shayi: inda ido ya je, can hannu ke bi. Ƙafa ma haka. Yaron da ya tsorata yakan kalli abin da yake tsoro, ya buga masa ƙwallon. Ina kyautata zaton da za ka tuna fenaretin da aka fitar da ku, za ka ga ba sama suka tafi ba, a jikin gola suka ƙare.

Wood da Wilson sun gwada gyaran a 2011. Suka koya wa rukuni ɗaya su tsayar da ido a kan kusurwar da suka zaɓa kafin su taso, ɗaya rukunin aka bar su da atisaye na yau da kullum. Bayan makonni, waɗanda aka koya wa sun fi saiti, kuma ƙwallayensu da gola ya tare rabin na ɗaya rukunin ne. Amma da aka haɗa su gasar fenareti ta gaske mai matsi, fifikon bai tsaya ba. Na faɗi wannan ne don kada ka ɗauka laya na ba ka. Binciken ƙanana ne, 'yan wasa kaɗan, yawancinsu ɗaliban jami'a. Duk da haka, a ganina shi ne abu mafi ƙwari da muke da shi, kuma kyauta ne.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Yaro ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja baya, ya zaɓi kusurwa tun kafin alƙali ya busa. Ya kafe ido a kan wani taƙamaiman wuri a ragar, kamar inda zare ya haɗu da ƙarfe, ya ja numfashi ɗaya cikakke yana kallonsa. Sannan ya sauke ido kan ƙwallo, daidai inda ƙafarsa za ta taɓa, kada ya ɗago har sai ta tashi. Ka tsaya a bayan raga da wayarka kana ɗaukar fuskarsa, ku kalla tare daga baya, domin yawancinsu za su rantse ba su kalli gola ba alhali sun kalla. Kuma kada ku yi atisayen cikin raha. Ku yi shi a ƙarshen horo lokacin da ƙafa ta yi nauyi, sauran yara su tsaya a layin tsakiya suna ihu, wanda ya zubar rukuninsu ne za su kwashe kaya. Za su ce maka ai akwai manyan 'yan wasa da ke kallon gola har ya faɗi sannan su buga. Akwai su. Amma John van der Kamp ya nuna a 2006 cewa mai bugu na bukatar kusan milisakan 400 kafin taɓa ƙwallo in zai canza gefe lafiya, saitinsa kuma yakan ragu. Wannan salo na wanda ya buga dubbai ne, ba na ɗan shekara 15 ba.

Ita manhajar kuwa, irinta an gwada. A 2001 Bruce Abernethy da Joanne Wood a Ostareliya suka ba matasa atisayen ido na gama-gari har mako 4, ba su ga wani ƙari a ganinsu ko a wasansu ba wanda ya wuce sabo da gwajin kansa. A 2010 Adrian Owen da abokansa suka bi mutum 11,430 da suka yi wasannin horar da ƙwaƙwalwa a intanet mako 6. Kowa ya ƙware a wasan da ya yi, ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wani aiki ba. A 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity, wata manhajar wasannin horar da ƙwaƙwalwa, biyan dala miliyan 2 saboda alkawuran da ba su da hujja. Yaronka zai zama gwanin bin ɗigo, makinsa a wayar zai yi ta hawa, ya ji daɗi. Ɗigo dai ba ya da ƙafar kafawa.

Batun karatu ma haka yake. Mai karatu yakan tsaya kusan milisakan 200 zuwa 250 a kowane wuri, ya tsallake haruffa 7 zuwa 9, kuma wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tsallensa komawa baya ne. George McConkie da Keith Rayner sun nuna a tsakiyar shekarun 1970 cewa mai karanta Turanci yana ɗebo bayani daga haruffa 14 zuwa 15 a damansa, amma 3 zuwa 4 kacal a hagunsa. Da aka auna masu karanta Ibrananci a 1981, daga baya kuma masu karanta Larabci, sai aka ga abin ya juye hagu, kuma mutum ɗaya mai harshe biyu yakan juya shi gwargwadon rubutun da ke gabansa. Ka ga yaranmu da ke karatun allo da safe su tafi boko da hantsi, wannan juyin suke yi kullum ba wanda ya koya musu da ɗigo. Idan yaro yana yawan tsayawa da komawa baya a layi, galibi kalmomin ne ke ba shi wuya, idon yana nuna wahalar ne kawai. Ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka sun faɗa a sanarwar haɗin gwiwa ta 2009 cewa atisayen ido ba ya maganin matsalar koyon karatu. Abin da ya kamata, duk yaron da ke matse ido, ko yake kusantar da littafi, ko yake kukan ciwon kai da ganin rubutu bibbiyu, a kai shi asibitin ido a auna. Wani tabarau kawai yake bukata. Wani kuma idanunsa ne ba sa haɗuwa da kyau a kan abu na kusa, wannan kam atisayen da likita ya tsara yana rage masa wahala, ko da yake babban gwajin da aka wallafa a 2019 bai ga ya ƙara iya karatu ba.

Akwai wani wurin da atisayen ido magani ne na gaske. Riƙe takarda a gabanka ka girgiza ta da sauri, rubutun zai dagule. Yanzu tsayar da ita ka girgiza kanka da irin saurin, za ka iya karantawa. Na'urar daidaito da ke cikin kunne ce take juya ido kishiyar kai cikin kusan milisakan 10, ba ta jiran gani. Wani likita a Amurka ya rubuta labarin kansa a 1952 bayan allurar streptomycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta kashe masa wannan na'ura. Bugun zuciyarsa kaɗai yakan girgiza masa shafi, sai ya maƙale kansa tsakanin ƙarafan gado kafin ya iya karatu. In yana tafiya ba ya gane fuska, don haka ya ɗauki ɗabi'ar gaida duk wanda ya gifta. Allurar gentamicin ma tana iya yin wannan ɓarna, abin da ya sa nake jin haushin yadda ake dankara wa mutane ita a kemis ba lissafi. Masu irin wannan lalura ana koya musu kafe ido a kan harafi suna juya kai, kuma yana taimaka musu sosai.

A asibiti ni ido taga ce. Nakan ɗaga hannuwana biyu a gaban majiyyaci in ce idan na motsa yatsan dama ka kalli hagu, idan na motsa na hagu ka kalli dama. Peter Hallett ne ya fito da gwajin a 1978. Da jin sa wasa ne, amma lafiyayyen babba ma yakan zame lokaci-lokaci, idonsa ya tafi kan yatsan da ya motsa kafin ya ankara ya dawo yana dariya. Birkin nan na sashen goshi ake aunawa. Masu rauni a goshin ƙwaƙwalwa sukan kasa, wanda aka ba lissafin zuci yana yi kuskurensa kan ƙaru, yara kuwa sun fi manya zamewa nesa ba kusa ba, domin birkin bai gama nuna ba sai an ratsa shekarun balaga. Yaranka suna tsakiyar wannan gini. Golan da ke rawa a kan layi yana kaɗa hannu, tamkar yatsana ne da ke motsi, kuma yaron da ya kwana yana latsa waya har ƙarfe 2 birkinsa ya fi saurin saki. Daren wasa ka karɓe wayoyin, zai fi maka manhajar amfani.

Tunda idonsu za ka riƙa kallo yanzu, ga abin da na fi so ka kama. Idan yara biyu suka yi karo da kai, ko gola ya bugi ƙarfe, ka duba idon wanda ya faɗi. In ya ce yana gani bibbiyu ko dishi-dishi, ko haske na damunsa, ko ya kasa bin yatsanka sumul daga gefe zuwa gefe, ko idon na rawa, ko yana jiri, ko bai san wa ya ci ƙwallon ƙarshe ba, ƙwaƙwalwarsa ta girgiza ko da bai suma ba. In kuwa baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko yana amai, ko barci na fizgarsa, wannan na gaggawa ne. Ko wanne ne ya fita daga fili, kada ya koma a ranar, a kai shi likita ya gani, ko da shi ne ka ajiye wa fenareti na biyar.